Matsarmama da Ciwon Dajinta: Inda Ake Gano Shi, da Inda Yake Kuɓuce Mana a Ƙasar Zuru

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a kasuwar Zuru, ko ya taya fiɗar rago ranar Layya, ko ta akuya ranar Kirsimeti, ya san matsarmama. Ita ce 'yar jakar nan mai duhun kore da ke liƙe a ƙarƙashin hanta, wadda wasu ke ce wa maɗaciya. In mai fiɗa ya zo kanta sai ka ga ya sassauta hannu. Yakan matse bakinta da yatsu biyu, ya bi gefenta da tsinin wuƙa, ya ɗaye ta ɗungurungum ya yar, yana gargaɗin yaron da ke riƙe masa ƙafa: "Kai, bi a hankali, in ta fashe hantar ta tashi daga aiki." Wannan tsoron fashewar shi ne likitan tiyata ma ke ji, sai dai dalilinsa ya fi na mahauci nauyi, kuma za mu zo kansa.

Ta ɗan Adam ba ta wuce tsawon santimita 7 zuwa 10 ba, abin da take ɗauka kuma bai fi cikin babban cokali uku ba. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba. Hanta ce ke yin sa, rabin lita ko fiye a yini, matsarmama kuwa rumbu ce kawai: ta tara, ta kaurara shi, ta jira. Da zarar an ci abu mai maiƙo, ƙosai ko tsire ko miyar da ta sha man gyaɗa, sai ta matse, ta tura ruwan ta wani siririn bututu zuwa ƙaramin hanji don ya taya narkar da kitse. Mutum na rayuwa lafiya lau babu ita. Tun a 1882 wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, ya fara cire ta a birnin Berlin, majiyyacin kuma ya warke ya koma gida. A yau aikin na cikin tiyatar ciki da aka fi yi a duniya.

Abin da ke sosa zuciya shi ne wannan gaɓa da ake iya cirewa ba a yi asarar komai ba, ita ce ke ɗauke da ɗaya daga cikin nau'o'in ciwon daji mafi saurin kisa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu ciwon dajin matsarmama kimanin 122,000, waɗanda ya kashe kuma kimanin 89,000. Dubi yadda alkaluman biyu suka kusanci juna. A Amurka, inda na'urori ba su yi ƙaranci ba, wanda aka gano nasa tun bai fita daga matsarmamar ba, kusan biyu cikin uku na kaiwa shekara biyar. Wanda kuwa aka gano bayan ya watsu zuwa nesa, ba a samun biyar cikin ɗari da ke kaiwa. Cuta ɗaya ce, bambancin kawai ranar da aka gane ta.

Dalilin wannan gaggawa a jikin gaɓar yake. Bangon matsarmama siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin bangon hanji ba, gefen da ya jingina da hanta kuma ba shi da ko fatar da ke raba su. Ƙarin da ya fito a hanji yana da shimfiɗu da dama da zai huda kafin ya fita. Na matsarmama taku biyu ne ya shiga hanta, ko ya bi ƙululun da ke zagaye da bututun ruwan ɗaci. Kuma jaka ce mai miƙewa, saboda haka ƙari na iya girma a cikinta wata da watanni mai ita bai ji komai ba.

Cutar ba ta cikin waɗanda suka fi yawa a Najeriya. Ba ta kama ƙafar ciwon dajin mama, ko na bakin mahaifa, ko na hanta ba. Wuraren da ta yi ƙamari su ne Chile da Bolibiya, da arewacin Indiya a kwarin kogin Ganga, da Pakistan, da Koriya da Japan. Amma kada ƙarancin lambobinmu ya sa mu saki jiki, domin rajistar ciwon daji wanda ya isa babban asibiti take ƙirgawa. Matar da shawara ta kwantar a wani ƙauye na Sakaba ko Danko-Wasagu, aka yi ta jiƙa mata saiwa har rai ya yi halinsa, ba ta shiga littafin kowa ba.

Abubuwan da ke share wa cutar hanya kuwa duk muna da su. Na farko tsakuwa ce, wato ƙananan duwatsun da ke daskarewa daga ruwan ɗacin kansa. Bakwai zuwa tara cikin goma na masu wannan ciwon daji ana samun su da tsakuwa, kuma wadda ta haura santimita 3 ta fi haɗari nesa ba kusa ba, domin shekara da shekaru tana gogar bango har ƙwayoyinsa su sauya hali. Nan dole in kwantar wa mai karatu hankali: mafi yawan masu tsakuwa, kusan dukkansu ma, ba za su taɓa kamuwa da ciwon daji ba. Mata sun fi maza kamuwa ninki biyu zuwa uku, kuma galibi bayan shekara hamsin ko sittin ne. Ƙiba da yawan haihuwa na ƙara yiwuwar tsakuwa. Masu sikila su ma suna yawan samun tsakuwa tun suna yara saboda fashewar jini, shi ya sa ba kowane ciwon cikin mai sikila ne za a ɗora wa tashin ciwonsa ba a duba ba.

Na biyu taifot. Mutane ƙalilan suka san cewa daga cikin waɗanda suka warke daga wannan zazzaɓi, biyu zuwa biyar cikin ɗari ƙwayar ba ta barin jikinsu. Matsarmama take shiga ta yi gida, musamman in akwai tsakuwar da za ta maƙale. Shahararriyar mai dafa abincin nan ta birnin New York, Mary Mallon, wadda aka gano a 1907 tana yaɗa cutar a gidajen da take aiki alhali ita lafiyarta ƙalau, irin waɗannan ce. Bincike a Indiya da wasu ƙasashe ya nuna masu ɗauke da ƙwayar tsawon shekaru sun fi sauran mutane haɗarin ciwon dajin matsarmama ninki da dama. A ƙasar da ake shan ruwan rijiya buɗaɗɗiya da na rafi, wannan ba labarin nesa ba ne. Na uku shi ne gubar afilatoksin da ke fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara in an zuba su rumbu ba su gama bushewa ba. An daɗe da tabbatar da cewa tana haddasa ciwon dajin hanta, kuma bincike a Chile da birnin Shanghai na Sin ya samu alamarta a jinin masu ciwon dajin matsarmama fiye da na sauran mutane.

To ta yaya cutar ke fara sallama? A nan ne muke fara yin sake, kuma laifin ba na majiyyaci kaɗai ba ne.

Mu ƙaddara wata dattijuwa ce daga wajen Dabai, mai shekara kamar hamsin da biyar. Ciwo na damun ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci ya harba baya zuwa kafaɗa, ya fi tsananta in ta ci abu mai mai. Ɗanta ya je kemis. "Olsa ce, Inna ta rage yaji." Aka ba da farin magani na ruwa da 'yan ƙwayoyi, ciwon ya lafa, domin dama ciwon tsakuwa mai zuwa ne ya tafi. Bayan wata biyu ya dawo da ɗan zazzaɓi. Aka ɗebi jini aka yi gwajin Widal, aka ce taifot ne, alhali wannan gwaji na yawan nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita, musamman a inda kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Aka yi allurai. Haka za a yi ta juyawa tsakanin olsa da taifot har shekara ta zagayo, zanenta ya fara yi mata yawa, tuwon ma ba ta iya cin rabin malmala. Sai ranar da idonta ya yi rawaya a ce shawara ce, a nufi mai magani a jiƙo saiwar rawaya da sassaƙen maɗaci.

Ƙasar Zuru ƙasar juriya ce. Ƙasar sojoji ce da manoma, inda al'adar golmo ta Lelna ta sa saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukai don a ga ƙarfin halinsa, inda mace za ta wuni a gona da ciwo ba ta ce uffan ba. Hali ne abin alfahari, amma a wannan cuta juriya gaba take yi da mai ita. Ciwon da ke dawowa wuri guda, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau biyu sau uku, ga wanda ya haura arba'in, ba na daurewa ba ne, na dubawa ne.

Kalmar shawara ita ma tana buƙatar a warware ta, domin suna ɗaya muke ba abubuwa uku. Akwai wadda fashewar jini ke kawowa, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sikila. Akwai wadda kumburin hanta ke kawowa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sai ta uku, wadda toshewar bututu ke kawowa, ruwan ɗaci ya rasa hanyar fita ya koma cikin jini. Ita wannan tana da alamunta da ko a gida za a iya lura da su: fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin da ke hana barci, mutum ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Ba saiwar da ke buɗe bututun da tsakuwa ko ƙari ya toshe. Tun a 1890 wani likitan Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura cewa in mai shawara aka taɓa cikinsa aka ji matsarmama ta kumbura kuma ba ta yi masa zafi, to da wuya a ce tsakuwa ce, a nemi ƙari. Har gobe ana koya wa ɗaliban likitanci wannan. Sai dai gaskiya mai ɗaci ita ce a ciwon dajin matsarmama, in har shawara ta bayyana, galibi cutar ta riga ta yi nisa. Shawara ba ita ce ƙararrawar farko ba. Ciwon da aka yi shekara ana kira olsa shi ne.

Gani ya kori ji, kuma abin da ke ba mu ganin shi ne hoton ciki na sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba ya zafi, ba ya amfani da hasken da ke cutarwa, kuma shi ne mafi araha a duk gwaje-gwajen da za a ambata a nan. Amma yana da sharaɗin da ake yawan mantawa: sai an zo da azumin awa shida zuwa takwas. In aka ci ƙosai da koko aka shigo, matsarmama ta riga ta matse ta zama kamar busasshiyar salka, bangonta ya yi kauri na ƙarya, abin da ke ciki ya ɓuya.

A ɗakin, mai hoto zai shafa wani mai sanyi a ciki ya dafa kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙari. "Inna, ja numfashi ki riƙe. Yawwa. Yanzu juya ki kwanta ta hagu." Wannan juyin ba don jin daɗin kwanciya ba ne, shi ne rabin gwajin. A allon, ruwan ɗaci baƙi ƙirin yake fitowa. Tsakuwa takan fito fara tas, ta jefa baƙar inuwa a bayanta, kuma in majiyyaci ya juya sai ta gangara ƙasa kamar tsakuwa a ƙwarya. Tsiro kuwa ba ya da inuwa, ba ya kuma motsi, yana nan liƙe da bango ko ta ina aka juya. Akwai kuma taɓon ruwan ɗaci da kan dunƙule ya yi kama da ƙari, amma shi yakan zame a hankali in aka ba shi lokaci, kuma in na'urar na nuna gudun jini ba a ganin jijiya a cikinsa. Wanda ya yi hoton cikin minti biyu ba tare da ya juya majiyyaci ba, bai bambance waɗannan uku ba.

Ba kowane tsiro ne ciwon daji ba, kuma a nan ma ana tsorata mutane a banza. Kusan biyar cikin ɗari na manya in aka yi musu hoto za a ga ɗan tsiro a matsarmamarsu, mafi yawansu kuma tarin kitse ne da ya liƙe a bango, ba ya zama komai. Abin da ke raba gardama shi ne awo. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka sabunta a 2022 ta ce tsiron da ya kai milimita 10 a cire matsarmamar. Wanda ke tsakanin 6 da 9, in mai shi ya haura shekara 60 ko tsiron mai faɗin gindi ne, shi ma a cire, in kuwa babu irin waɗannan dalilai a sake hoto bayan wata shida, da shekara ɗaya, da shekara biyu. Wanda bai wuce milimita 5 ba, ga mutumin da ba shi da wani abin haɗari, a ƙyale shi. Ka ga ke nan takardar da aka rubuta "an ga tsiro" ba tare da lamba ba, ba ta da amfani ga likitan da za a kai wa. Haƙƙin majiyyaci ne ya tambaya: milimita nawa ne, guda nawa ne, kuma bangon kaurinsa nawa? A ajiye takardar a leda, domin hoton baɗi ba ya da ma'ana in ba a kwatanta shi da na bana ba.

Ciwon dajin kansa fuska uku yake nunawa a hoto. Mafi yawa dunƙule ne da ya cinye gurbin matsarmamar har ba a gane ta, sau da yawa da tsakuwa a tsakiyarsa. Wani lokaci tsiro ne babba da ya kunno cikin jakar. Na ukun shi ne mai wahalar ganewa, wato kaurin bango. Lafiyayyen bango bai wuce milimita 3 ba, amma abubuwa da yawa na kaurara shi: kumburin da tsakuwa ke jawowa, ciwon hanta, ciwon zuciya, ƙarancin sinadarin gina jiki a jini. Akwai ma wani irin daɗaɗɗen kumburi da ke manne matsarmama da hanta da hanji, ya yi kama da ciwon daji har ƙwararrun likitoci ba sa iya rabewa sai an kai tsokar ɗakin gwaji. Abin da ke ɗaga hankali shi ne kaurin da ba daidai ba, gefe guda tudu gefe guda kwari, ko a ga iyakar da ke tsakanin matsarmama da hanta ta shafe.

Gwajin jini taimako yake yi, ba ya yanke hukunci. Na aikin hanta zai nuna ko shawarar ta toshewa ce. Na ciwon hanta nau'in B da C, da wani gwajin da ke tashi a ciwon dajin hanta, na taimakawa a gane ko dunƙulen daga hantar ya faro, wanda a ƙasarmu shi ya fi yawa. Akwai kuma gwajin CA 19-9 da wasu ke ɗauka shi ne "gwajin kansa". Ba haka ba ne. Yakan hau ko da tsakuwa ce ta toshe bututu, akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya yin sinadarin sam, ko da cutar ta cika musu ciki. Kada wanda ya sayar da buhun dawa ya zuba kuɗin a nan kafin ya yi hoto mai kyau.

In hoton sikanin ya nuna abin zargi, mataki na gaba shi ne hoton CT da ake yi da allurar ruwa mai haska jijiyoyi, na ciki da na ƙirji, sannan hoton MRI in ana son ganin bututun ruwan ɗaci dalla-dalla. Su ne ke amsa tambayar da komai ya rataya a kanta: za a iya cire shi duka ko ba za a iya ba? Daga nan magana ta bar Zuru. Sai a kama hanyar Mahuta zuwa Koko a miƙe Birnin Kebbi, inda asibitin tarayya da asibitin tunawa da Sir Yahaya suke, ko a wuce Sakkwato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu kuma su nufi Shika a Zariya. Tafiya ce ta awanni ga marar lafiya, da kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da makwanci, da abinci, a yankin da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma gonakinsu na nesa. Shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya: a tafi da wasiƙar likita, da duk takardun hoto da na jini, a kuma tabbatar ta waya cewa na'urar na aiki kafin a hau mota.

Iyalai kan yi mamaki in likita ya ƙi tsira allura ya ɗebo tsoka a gwada. A wasu nau'o'in ciwon daji haka ake farawa, amma nan ne maganar mahaucin nan take dawowa. In aka huda matsarmama mai ciwon daji, ko ta fashe a lokacin aiki, ruwan da ya zuba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar, su kuma sai su kama a ko'ina cikin ciki kamar irin da aka watsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saboda haka in hoto ya nuna za a iya cirewa, kai tsaye ake shiga aiki a fito da ita ba ta fashe ba, tare da yankin hantar da ta jingina da shi da ƙululun da ke kusa. Allurar ɗebo tsoka ta wanda cutar ta wuce tiyata ce, don a tabbatar kafin a fara ƙarin ruwan maganin daji. Don haka ne ma nake ganin likitan da ke ƙaramin asibiti, in ya ga abin zargi a hoto, alheri mafi girma da zai yi shi ne ya tura majiyyaci gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aikin farko shi ne dama mafi kyau, in aka ɓata shi da wuya na biyu ya gyara. Hakanan sakiya ko tsagar wanzami a kan kumburin ƙarƙashin haƙarƙari, ba abin da za su ƙara sai ƙwayoyin cuta da zubar jini, domin mai shawarar toshewa jininsa ba ya saurin daskarewa.

Yanzu ga wurin da na fi son mai karatu ya tsaya. A ƙasashen da ake yawan cire matsarmama, kusan rabin masu wannan ciwon daji ko fiye ba hoto ne ya gano nasu ba. An yi musu aiki ne don tsakuwa, likita ya duba da ido bai ga komai ba, aka aika gaɓar ɗakin gwajin tsoka, aka yanka ta siriri-siriri aka duba a madubin likita, sai ga cutar tana farawa. Ba a cika samun ko ɗaya cikin ɗari na matsarmamar da aka cire da ita ba, amma waɗannan 'yan ƙalilan su ne mafi yawan masu warkewa. In cutar ba ta wuce shimfiɗar ciki ta bangon ba, cirewar da aka yi ta wadatar. In ta taɓa tsokar bangon ko ta wuce, sai a koma a yanke gefen hanta da ƙululu, kuma wani bincike a asibitocin Amurka ya nuna an fi dacewa in aka yi aikin na biyu tsakanin mako huɗu zuwa takwas bayan na farko.

A wurinmu me ke faruwa? An fito daga ɗakin tiyata, ma'aikaciyar jinya ta leƙo da 'yar tasa. "Ina 'yan'uwan Baba? Ga abin da aka ciro." A taru a kalli tsakuwoyin, a yi hamdala, a yi wa juna barka. In aka ce akwai kuɗin gwaji da na kaiwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, sai babban ɗa ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda an cire ciwon ai shi ke nan, abin da ke hannunmu ya ƙare." A naɗe ta a tsumma a kai gida a binne, ko a bar ta a zubar. Niyyar mai kyau ce, binne abin da ya fita daga jikin mutum girmamawa ce, talaucin kuma gaskiya ne. Amma da wannan tsumman aka binne amsar. Wata takwas bayan haka in Baba ya dawo da shawara da kumburin ciki, babu sauran abin yi da wuƙa. Abin da ya rage shi ne ƙarin ruwa, wanda a babban gwajin da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2010 haɗa magani biyu ya kai matsakaicin rayuwar majiyyata kusan wata goma sha biyu maimakon takwas da magani ɗaya ya bayar, sai sa ɗan bututu don buɗe hanyar ruwan ɗaci, da maganin rage zafi. Waɗannan ma haƙƙin majiyyaci ne, kuma suna sauƙaƙa wahala ƙwarai, amma ba warkewa ba ce.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Kwalba mai faɗin baki, ruwan fomalin da ya ninka girman tsokar kamar sau goma, ba ruwan gishiri ko sifirit ba, sai suna da kwanan wata a jikin kwalbar, da lambar wayar da za a samu iyalin. Tsokar da ke cikin fomalin ba ta lalacewa a hanya. Wanda ke son binnewa yana iya roƙon a maido masa ragowar bayan an gama. Sannan wani ya koma ya karɓo sakamakon ya kai wa likita, domin takardar da ta kwana wata shida a durowa daidai take da wadda ba a rubuta ba.

Chile, da cutar ta addabi matanta, tun 2006 ta ɗauki nauyin cire matsarmama ga masu tsakuwa 'yan shekara 35 zuwa 49. Mu ba mu kai yawan da zai sa a yi haka ba, kuma tsakuwar da ba ta damun mai ita galibi ba a taɓa ta. Namu ya fi sauƙi. Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a yaƙi da ciwon daji, matar tsohon gwamnanta, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, ita aka zaɓa a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya kuwa da na mama, da na bakin mahaifa, da na 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza ya fara, wanda ke nufin mai ciwon matsarmama aljihunsa da na danginsa ne madogararsa. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, su haɗa kuɗin gwajin tsoka cikin kuɗin tiyata tun farko, su kuma tsara mota ko sau ɗaya a mako da za ta kwashi kwalaben daga asibitocin Zuru, Ribah, Mahuta da Dirin Daji zuwa ɗakin gwaji, ta dawo da sakamako. Masu kemis kuma, in mutum ya dawo muku karo na uku da ciwo a gefen dama, ku ce masa ya je hoto da azumi.

Kai kuma mai karatu, in aka yi wa mahaifiyarka ko matarka ko kai kanka wannan aiki, kafin ku bar asibiti tambayi likita abu biyu: an aika matsarmamar gwaji, kuma wace rana zan dawo karɓar sakamakon?